Yatsan da Ya Daina Jin Roba

Shekara talatin da 'yan kai ya yi a shagon nan, ƙofa ta uku in ka shigo layin makanikai, tsakanin mai walda da mai sayar da man juye. Ba wani shago ba ne na a zo a gani. Ɗaki ne guda dogo, da benci a bakin ƙofa, da injin iska a kusurwa yana tari yana hucin zafi, sai tayoyi jere a kanta har rufi. Amma duk mai babban babur a garin, irin masu kwantawa a kan tanki su shiga kwana gwiwa na neman kwalta, ya san wannan ƙofar. Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni. Baba Yatsa kowa yake ce masa.

Babban yatsansa na dama ne ya jawo masa sunan. In aka kawo masa taya, sai ya ɗora ta a cinya, ya kafa yatsan a kan roba, ya lumshe ido ya danna, sannan ya saki a hankali yana jin yadda take dawowa. Shi ke nan, ya gama karatu. Zai gaya maka ko ta zafi ce ko ta sanyi, ko ta daɗe a ajiye, ko za ta kai ka damina. An gwada shi ba sau ɗaya ba, an kawo masa tsohuwa an goge ta da mai tana ƙyalli, ya danna ya miƙa wa mai ita ya ce ya kai wa masu yin takalmi.

Faɗansa da samari kuwa ba ya ƙarewa. Yaro zai zo da hoto a waya, tayar tsere ce sumul, zane kaɗan, ya ce irin ta yake so.

"Ina za ka da ita?" in ji Baba Yatsa.

"Ofis mana, Baba."

"To ka ji. Wannan sai ta gasu take kama ƙasa. Masu ita bargo suke lulluɓa mata kafin su hau, sannan su yi ta gudu ba tsayawa. Kai da za ka tsaya a danja biyar kafin ka kai ofis, yaushe za ta yi zafi? Ka hau ta da sassafe cikin sanyi, wallahi kwalba ka hau. In sanyi ya shigo, mai laushi ake nema, wadda take ɗumi da wuri, mai zanen da zai kore ruwa. Kuma ko ita ɗin, in sabuwa ce, ka bi ta a hankali kwana biyu, santsin kamfani ya fita tukuna."

Wasu su ji, wasu su tafi da fushi. Masu fushin sukan dawo bayan wata guda da ɓawon ciwo a gwiwar hannu, su zauna a benci, shi kuma sai dai ya tura musu kofin shayi. Akwai 'yan lambobi a gefen kowace taya da suke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Shi bai taɓa kula su ba. Ya ce lamba ta masu kamfani ce, roba tasa ce. Maƙwabcinsa mai walda, wanda ake kira Tartsatsi, yakan leƙo ya ce, "Faɗi gaskiya dai, tsoho, idon ne babu." Shi kuma ya ce ai gara shi, wani da idon ma ƙarfe biyu ya kasa haɗawa su miƙe.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, yana ce mata Uwata. Mijinta kuwa a bencin nan ya samo shi. Injiniya ne a gidan ruwa, can kan dutse, tafiyar kilomita arba'in daga gari, kuma rabin hanyar kwana ce bayan kwana a ƙarƙashin itatuwa, inda raɓa ba ta bushewa sai hantsi. Tun yana saurayi ya faɗi a hanyar wata safiya, ya karye a kafaɗa. Ƙashi ya ɗinke, zuciya ta ƙi. In ya hango kwana sai hannuwansa su sandare, ya taka birki inda ba a takawa, ya fita yana gumi cikin sanyi. Ya zo shagon ne ya tambayi wanda zai sayi babur ɗin. Baba Yatsa ya tsuguna, ya danna tayar gaba, ya ɗago ya dube shi.

"Ba kai ka faɗi ba, ɗana. Taya ce ta yar da kai."

Maganar nan ita ta warkar da shi, ba ɗorin asibiti ba. Aka sa masa wadda tsohon ya zaɓa, ya koma hanyarsa, kwanar da ta kayar da shi ya riƙa shiga yana fito. Ya yi ta zuwa gaisuwa har ya haɗu da mai kawo kwanon abincin rana, sauran labarin kuma kowa ya iya shi. Tun daga nan, duk shekara in sanyi ya kusa, sai ya kawo babur. Ba ya tambayar kamfani, ba ya tambayar komai. Abokansa in suna gardamar taya sai ya ce, "Ni fa in Baba ya danna, ba ruwana da tunani."

To, yatsan ne ya mutu.

Ciwon suga ne, ya daɗe da shi. Ya fara da tafin ƙafa, kamar tururuwa na yawo, sannan ya hau hannu. Ranar da ya tabbatar, ƙarfen gasa facin taya ya ɗauka bai san da zafi ba, sai ƙaurin fata ya ji a hanci kafin ya gane tasa ce. Ya je wurin likita shi kaɗai. Likita ya soka masa allura a yatsan yana kallo, ya ce jijiya ce, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Ya dawo shago ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka, kukan da bai yi irinsa ba tun rasuwar matarsa.

Bai gaya wa kowa ba. Kada wani ya zo ya ce mini da shi ne da ya faɗa, ƙarya yake. Mutum ya kai sittin da biyar, mata ta rasu, 'ya tana gidanta, abu ɗaya ya rage da zai sa a tsaya a ƙofarsa a yi sallama, ka ce ya buɗe baki ya ce babu shi? Ya ci gaba da ɗora taya a cinya, yana lumshe ido, yana dannawa. Ya san zanen kowane kamfani, ya san warin sabuwar roba, ya san wanda ya kawo kaya da lokacin da ya kawo. Da wannan ya yi ta lallaɓawa shekara guda, kuma Allah ya rufa asiri ba wanda ya faɗi. Amma duk ranar da wani ya ce "Baba ya danna" ya tayar da babur ya tafi, sai abinci ya ƙi shiga.

Sanyin bana ya zo da wuri. Wata ranar Lahadi da la'asar Injiniya ya turo babur cikin shago, ya cire hular kwano, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa. Akwai sababbin tayoyi a kanta ta ƙasa, masu matsakaicin kyau, da ya ɗauko su da ba a yi wannan labarin ba. Amma sai tsohon ya tuna da wasu guda uku a kanta ta sama, daidai saman injin iska, naɗe cikin buhu. Na gaba biyu, ta baya ɗaya. Su ne mafi kyau da ya taɓa riƙewa, tayoyin sanyi da jiƙaƙƙiyar hanya, masu laushi kamar tafin jariri ranar da aka kawo su. Ya saye su ne lokacin da matarsa ta kwanta ciwo, ya ɗora su can ya ce sai mai sa'a, jinya ta ɗauke masa hankali ya manta. A lissafinsa bara waccan ne. Tun da ta rasu kwanaki suka cuɗe masa, abin da ya faru jiya da na shekara biyar duk wuri ɗaya suke zaune a kansa.

"Hau ka sauko mini da buhun can," ya ce. "Kyauta na ba ka. Mijin Uwata ba zai hau ta kowa da kowa ba."

Injiniya ya sauko da su, ya goge da tsumma. Baƙaƙe wuluk, zane cike, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Tartsatsi ya leƙo da tabaran walda a goshi yana cewa ashe tsoho yana da ajiya, shi ne ake ta kukan babu.

"Baba, a danna mana," in ji Injiniya, yana murmushi.

Ya ɗora ta a cinya. Ya kafa yatsa, ya lumshe ido, ya danna. Bai ji komai ba, kamar da yatsan wani ya danna. Mutum biyu suna tsaye suna jira, ɗaya surukinsa, ɗaya abokin tsokanarsa na shekara ashirin. Ya tuna yadda take ranar da aka kawo ta, ya buɗe ido.

"Lafiya lau. Ka je ka yi ta shiga kwanarka."

Wurin sakawa tayar ta yi gardama. Ya shafa ruwan sabulu, ya sa ƙarfe, ta ƙi hawa wili, sai da Injiniya ya taka gefe ɗaya da ƙafa suka haɗa ƙarfi. Tsohon ya ce tsufa ne, hannu ya fara gajiya, suka yi dariya. Ya ba ta iska, ya duba geji, ya ja masa kunne a kan santsin sabuwar taya kamar yadda ya saba. Injiniya ya yi godiya ya tafi.

Washegari ƙarfe shida da rabi Baba Yatsa ya buɗe shago, abin da bai saba ba. Sanyi har cikin ƙashi, numfashi na fita kamar hayaƙi, rufin motocin layin duk raɓa. Gardamar nan ce ta hana shi sakat. Ya sa taya ta fi dubu goma a rayuwarsa, kuma mai laushi ba ta faɗa da ƙarfe haka. Ta ukun tana nan jingine da bango. Ya ɗauka ya danna da dama, ya danna da hagu, duk ɗaya. Ya duba ƙofa ba kowa. Sai ya kai ta baki, tsoho da furfurarsa, ya kafa haƙori a kan roba ya cije.

Katako. Har haƙorin ya amsa masa cikin kai.

Ya fito da ita haske, ya buɗa zanen da hannu biyu, ya kusanto da ido. Ko da idon nasa ya ga 'yan tsage-tsage a ƙasan zanen. Shekaru tana shan hucin injin iska, ta bushe a cikin buhunta. Ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wanda ya zo ke nan yana kiciniyar buɗe kwaɗo.

"Zo ka karanta mini lambar nan."

"Yau kuma? Ba ta masu kamfani ba ce?" Tartsatsi ya fara dariya, ya ga fuskarsa, ya haɗiye ta. Ya karanta, ya ƙirga da yatsu. "Shekara bakwai, tsoho. Wannan ai ta mutu. Ba irin ta ka sa wa yaron nan jiya ba? Ba ka danna ba?"

"Na danna. Ba na ji. Shekara guda ke nan ba na jin komai."

Tsohon ya ciro waya zai kira surukinsa. Tartsatsi ya karɓi wayar daga hannunsa, don yatsun sun kasa samun lamba, ya kira Injiniya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. Suka kira 'yar. Ta ce ai ya fita ya kai minti ashirin, kuma in yana kan hanya ba ya amsa kowa sai ita, kiranta ne kaɗai yake shiga abin kunnen da ke cikin hularsa. Ta ce lafiya dai, Baba?

Minti ashirin. Nan da minti biyar zai bar miƙaƙƙiyar hanya ya fara hawan dutse. Ba lokacin da za a tsaya gyara magana, kuma ya san surukinsa, in aka ce masa tayar ce kawai zai ce ai Baba ya danna, ya wuce.

"Uwata, kira mijinki yanzu ki ce ya tsaya inda yake. Ki ce tayar busasshiya ce. Ki ce masa ni na ce ban ji ta ba jiya, ƙarya na yi, yatsana ya daɗe da mutuwa. Ki faɗa masa haka, kada ki rage komai."

Ta kashe wayar nan take. Ya zauna a benci da tayar a cinya, Tartsatsi na tsaye a kansa. Mai man juye ya zo ya buɗe, ya yi sallama, ba wanda ya amsa masa. Minti huɗu aka yi, amma shi ya ce bai taɓa ganin huɗu masu tsawon waɗannan ba. Da wayar ta yi ƙara, Uwata ce, ta ce mijinta ya riga ya tsaya a gidan man da ke gindin dutse. Sannan ta ce, "Baba, shekara guda?" ta fashe da kuka.

Da hantsi aka kawo babur ɗin a bayan akori-kura. Injiniya ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, da ma ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya zauna a ƙarshen benci yana juya safar hannunsa.

"A shataletalen bakin gari ta zame mini, Baba," ya ce. "Gaba ta tafi kamar za ta bar ni. Na ji ta sarai. Sai na ce a raina ni ne, tsoron nan ne na da ya dawo, tunda Baba ya danna. Har na yi niyyar in na kai kwanar farko in kwanta mata sosai, in kashe tsoron."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can Injiniya ya ce, "Tayoyin bara fa?"

"Su ma ban ji su ba. Sababbi ne dai, na san wanda ya kawo."

Injiniya ya gyaɗa kai. Yana kallon ƙasa, kuma kana ganinsa ka san kwanonin shekara guda yake bi ɗaya bayan ɗaya, safiya da yamma, duk inda ya kwantar da babur yana fito.

Abin da Baba Yatsa ya yi bayan nan, ni dai na ce namiji ne. Ya sa Tartsatsi ya kira masa duk wanda ya tuna ya sa wa taya a shekarar, ya gaya wa kowa da bakinsa, ya ce su je a duba musu. Ba a sami ko ɗaya mara kyau ba. Suka ce haba Baba, ba komai, Allah ya ƙara lafiya. Daga nan suka koma sabon shagon babban titi, mai gilashi, inda ake da 'yar na'ura kamar agogo da ake dannawa a roba ta nuna lamba. Ba laifinsu, ko ni ne can zan je. Masu ƙananan babura da masu baro suka ci gaba da kawo faci, abinci bai yanke ba. 'Yarsa ta karɓe zancen asibiti da magani a hannunta, tana zuwa kullum tana duba masa tafin hannu ko ya ƙone bai sani ba.

Injiniya ya sayi sababbin tayoyi a shagon gilashin, na sanyi, na wannan shekarar, na'ura ta ce ba su da aibu. Ya hau kwana uku. Ranar ta huɗu ya bi motar ma'aikata, wadda take tashi ƙarfe biyar da rabi ta zaga gari kafin ta hau dutse. Matarsa ta ce a kwana ukun nan in ya dawo rigarsa a jiƙe take sharkaf, kuma ba ya iya riƙe kofi.

Bayan kamar wata guda, ranar Asabar, ya turo babur ɗin da ƙafa har cikin shago. Gidansu ba nisa, amma bai hau ba.

"Tayoyin nan masu kyau ne," in ji tsohon, tun kafin ya zauna. "Tartsatsi ya karanta mini lambarsu. Kamfanin na sani, zanen na sani. Ba abin da zai same ka a kansu da yardar Allah. Ka hau abinka."

"Na sani, Baba. Kaina ya sani. Hannuna ne ya ƙi yarda." Sannan ya ce a hankali, kunya na cinsa, "Wani ya taya babur ɗin, na ce ya ba ni zuwa gobe. Na ce bari in zo tukuna. Ko za a danna mini, Baba? Ko yaya ne. Wataƙila yau a ji wani abu."

Tausayinsa ya kama tsohon har ya rasa inda zai sa ido. Tayar mai kyau ce, wannan ba shakka. In ya lumshe ido ya ce lafiya lau, ba a kan taya ya yi ƙarya ba, kuma wataƙila yaron ya koma hanyarsa. Ya dafa benci ya tsuguna da ƙyar a gaban babur. Ya kafa yatsan a tayar gaba, ya lumshe ido, ya danna da duk ƙarfin da ya rage masa, har farcen ya yi fari. Ya daɗe a haka yana jira, yana roƙon Allah ko da ɗan kaɗan ne. Injiniya na tsaye yana kallon fuskarsa.

Ya buɗe ido.

"Ban ji komai ba, ɗana."

Injiniya ya ce to. Ya sa hannu ya taimaka masa ya miƙe, ya zaunar da shi a benci, ya kakkaɓe masa gwiwar wando. Ya ce mai sayen zai zo gobe da hantsi, in ba damuwa a bar babur ɗin ya kwana a shago. Ya ajiye makullin a gefensa, ya yi sallama, ya tafi gida a ƙasa da hular kwano a hannu.